Kwana Biyar a Akwatin Ɗumi

Ranar Litinin da ƙarfe tara da kwata na safe aka ciro wa Yayata ƙwai tara. Ni kuwa ina tsaye bayan gilashi kamar baƙuwa a wurin aikina, hannuwana cikin aljihu.

Bari in koma baya kaɗan saboda waɗanda yau suka fara karanta ni. A gida Auta ake ce min. Shekarata ashirin da bakwai, lissafin da Mama ba ta bari in manta ko na yini ɗaya. Ina aiki a ɗakin gwaji na wani asibitin masu neman haihuwa. Aikina shi ne in haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗan faranti, in sa a akwatin ɗumi mai zafi daidai da jikin mutum, in yi ta gadi kwana biyar, sannan likita ya mayar wa matar cikin mahaifarta. Tafiyar nan da ɗan tayi ke yi a ɓoye cikin jikin uwa kafin ya samu wurin mannewa, mu a gaban idonmu yake yin ta. Mama dai har yau in ƙawayenta sun tambaya cewa take, "Gwajin jini take yi."

Yaya shekararta tara da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Mijinta Malam muke ce masa, lissafi yake koyarwa a sakandare, mutum ne da in ya yi maka kalma goma a yini to ranar ya yi surutu. Wannan ne gwajinsu na biyu a asibitinmu, kuma likita ya faɗa musu ƙwan Yaya sun fara ƙaranci, kada su sa rai da na uku. Mama ba ta san an yi na farkon ba, balle wannan. Akwai kuma abin da Yaya ta sa na rantse ba zan faɗa a gida ba: matsalar daga Malam take. Shekara tara Mama na kai mata gorunan magani masu ɗaci, tana shanyewa a gabanta har da godiya. Sai da na nemi izinin Yaya kafin in rubuta wannan, don kada ku ce Auta ba ta da ciki.

Shugabar ɗakinmu, Madam, tun da sassafe ta ja min layi.

"Farantin 'yar'uwarki ba ki ba shi. Ko murfin akwatin ba za ki taɓa ba. Ki kalla a allo kamar kowa."

"Madam, ko riƙe miki..."

"Ko numfashi kada ki yi a kansa."

Cikin taran, bakwai ne suka nuna. Ina kallo a allo Madam ta bi su ɗaya bayan ɗaya da allurar da ta fi gashi siranta, tana sa wa kowanne ƙwayar maniyyi guda. Sau nawa na yi wannan aikin da hannuna ina tunanin abin da zan ci da rana? Ranar nan ko ƙifta ido ban yi ba.

Ina fitowa na cire hula da takunkumi, na ɗauko wayata daga kabad. Saƙo uku, duk daga mutum ɗaya.

"Barka da aiki, mai gadin jarirai."
"Na samo wani sabo, ƙamshin lemo da itace. Rantsuwa na yi wannan sai kin shafa."
"Ko ranar hutu?"

Mai Turare kenan. Haka na ajiye sunansa a waya, haka kuma kowa ke kiransa a gidanmu. Abokin Malam ne tun suna makaranta, shi ya kawo shi gidanmu wata huɗu da suka wuce wai rakiya, rakiyar da har yau ba ta ƙare ba. Yana da shago a bakin babban titi, kuma in ya shigo falo sai labule ya kwana biyu yana ba da labarinsa. Ni kuma a ɗakinmu an hana turare, an hana man shafawa mai ƙamshi, an hana jan farce, saboda iskar tana cutar da 'yan tayin. Kwalba huɗu ya ba ni, suna jere gaban madubina ko ledarsu ban cire ba. Ta biyar Mama ta ɗauke, ta ce ita ba ta gadin kowa.

Ban ba shi amsa ba.

Talata da safe kafin in ajiye jaka na tsaya gaban allo. Abin da muke nema a rana ta farko wasu 'yan da'ira biyu ne a tsakiyar ƙwan, ɗaya rabon uwa, ɗaya rabon uba, sun matso kusa da juna ba su riga sun haɗe ba. Madam ta bi faranti. Na farko babu. Na biyu akwai. Na uku akwai. Da ta gama, huɗu.

Wayata ta yi ƙara tun ina corridor. Yaya.

"Auta, nawa?"

"Huɗu."

"Huɗu cikin tara?"

"Huɗu masu kyau, Yaya. Wata matar ɗaya tak take samu ta yi rawa."

"Yaya kamanninsu?"

"Kamar ɗigon ruwa mai ido biyu."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. "Ki gaishe min su."

Jama'a, na gaishe su. Na koma na tsaya nesa da akwatin na ce a zuciyata, uwarku na gaishe ku, ku yi wa Allah ku yi ƙoƙari.

Laraba kowanne ya rabu biyu, biyun sun sake rabuwa, ƙwaya huɗu-huɗu, sai guda da ya ɗan makara yana da uku. Na dawo gida da ɗan sauƙi a ƙirjina, na tarar Mama ta baje yadi a kan gadona. Leshi ne ruwan zuma mai ƙananan duwatsu, da mayafi mai kalar madara, da takalmi mai tsini wanda ko a kwali ya fara cizona.

"Asabar Mai Turare zai zo cin abincin rana, shi da babbar yayarsa. So take ta gan ki."

"Mama, Asabar ina da..."

"Ba ki da komai. Na duba takardar da kika manna a firji, hutu gare ki."

Asabar ce rana ta biyar. Ranar da za a mayar wa Yaya.

"Ba za a ɗaga zuwa Lahadi ba?"

Ta zauna bakin gado ta kalle ni ta saman tabarau. "Auta, mutumin nan me ya yi miki? Yana da sana'a, yana da kunya, yana gaishe ni har ƙasa. Ke kullum kina cikin ɗakin da ba taga kina leƙen jinin mutane. Ɗaya ta yi auren, shekara tara ina zuba ido. Ɗaya ta ƙi yi. Ni haka zan mutu ban goya jika ba?"

Maganar ta zo min har baki. Mama, jikokinki huɗu suna can cikin akwati, kowanne bai kai kan allura ba. Na haɗiye, na ɗauki leshin na kara a jikina.

"Ya yi kyau," na ce.

"Ke dai kya ji da shi. Gobe tela zai zo awo. Yayarki ma na kira ta ta zo ta taya ni girki, wai cikinta ke ciwo. Kullum ciki, kullum ciki, amma ba irin wanda ake so ba."

Na shige banɗaki na kunna famfo don kada ta ji ni.

Alhamis ce ranar da nake tsoro tun farko. A kwana biyun farko ɗan tayi da guzurin da ƙwan uwa ya ɗauko yake tafiya. Daga rana ta uku guzurin ke ƙarewa, dole ya fara sarrafa kansa da abin da ya gada daga uwa da uba. A nan da yawa suke tsayawa, ba wanda ya taɓa su, ba wanda ya yi kuskure.

Madam ta sa faranti ƙarƙashin madubin ƙara girma. Na farko ƙwaya takwas, zagaye sumul. Na biyu shida, ba laifi. Na uku yana nan a huɗunsa na jiya, ko motsi bai yi ba. Na huɗu ya farfashe, ya zama tsaki-tsaki kamar gilashin da aka taka.

"Biyu," in ji Madam, ba ta kalle ni ba.

Lambar Malam ce a fayil, don Yaya ta ce ba za ta iya jin muryar asibiti ba, ta bakinsa ko ta bakina take so. Ina tsaye Madam ta kira shi a ofis. Ta yi masa bayani a hankali.

"Daga ni ne?" Na jiyo muryarsa.

"Malam, ba wanda zai iya rantse maka. Yakan zama daga ƙwan, yakan zama haka kawai. Amma gaskiya daga rana ta uku rabon uba yakan fara nunawa..."

"Na gode."

Ya kashe. Na san duk bayanin nan kalma ɗaya ya ɗauka, amma ɗin nan.

Da la'asar tela na tsaye a falo yana zagaya min tef a kafaɗa, Mama na ce masa ya matse nan ya saki can, saƙon Yaya ya shigo.

"Malam ya ce duk huɗun lafiya lau!!! Alhamdulillah. Auta har na fara tunanin 'yan biyu."

Na karanta sau uku. Tela ya ce in ɗaga hannu, na ɗaga da wayar a ciki. In faɗa mata gaskiya, na ƙaryata mijinta. In yi shiru, na zama abokiyar ƙaryarsa. Na rubuta, na goge, na rubuta, na goge. Ƙarshe abin da na tura:

"Ki sha maganinki a kan lokaci. Ki huta."

Ta turo min zuciya ja guda biyar. Wallahi da mari ta turo da ya fi min sauƙi.

Juma'a ba a buɗe akwatin. A rana ta huɗu ƙwayoyin matsewa suke su dunƙule wuri ɗaya har ba ka iya ƙirga su, kuma Madam ba ta son a dame su. Ba abin kallo, ba abin faɗa. Na wanke abin da yake a wanke, na sake jera abin da yake a jere, na duba ma'aunin zafin akwatin daga nesa ya fi sau ashirin har Madam ta ce in fita in sha iska kafin in sa mata hawan jini.

Bayan magariba Mai Turare ya zo ƙofar gida. Na fita da doguwar rigar zaman gida da silifas, gyale a karkace. Yana jingine da mota cikin farin yadi mai guga, ya miƙo min leda.

"Wannan ba turare ba ne, kafin ki harare ni. Sabulu ne marar ƙamshi. Shago uku na shiga, ana ta min dariya."

Na karɓa. Da wata rana ce da na yi dariya.

"Kwana huɗu ina magana da bango," ya ce. "Na yi laifi ne?"

"Aiki ne."

"In zuwan goben ne ba kya so, ki faɗa min. Yayata ba za ta mutu ba don an ce ta jira."

"Na ce maka aiki ne! Kowa ni, kowa ni. Mama ni, tela ni, kai ma ni. Ba za a bar mutum ya yi numfashi ba?"

Ya juya makulli a yatsa. Kunya ta kama ni tun kafin in rufe baki.

"To Allah ya ba da haƙuri," ya ce. "Da alama makon nan kowa ba daidai yake ba. Jiya Malam ya zo shagona, ya zauna bayan kanta awa biyu. Na ba shi shayi ya huce a hannunsa. Na ce lafiya, ya ce lafiya. Yau ma ya dawo."

"Bai ce komai ba?"

"Kin san shi. Ke kin san abin da ke damunsa?"

Na kalli ledar sabulun. "A'a."

Ya daɗe yana kallona. Bai yarda ba, kuma bai matsa ba. Wannan rashin matsawar tasa ita ta bi ni har cikin ɗaki.

Asabar tun da safe gidan ya kaure. Mama ta sa an fito da farantan gilashin da ba a taɓawa, an canza labule, kaza na kan wuta, leshina na rataye jikin ƙofa an goge shi yana ƙyalli. Na sa abaya baƙa na ɗauki jaka.

"Ina zuwa?"

"Na manta abu a wurin aiki. Yanzu zan dawo."

"Sha biyu za su zo, Auta."

"Sha ɗaya ina gida."

Tun ƙarfe goma ina gaban allo, sai wajen sha ɗaya da rabi aka buɗe akwatin. Madam ta ciro farantin, ta daidaita madubi. Na biyun nan mai ƙwaya shida ya tsaya a hanya, ya yi duhu. Ta matsa zuwa ɗayan, sannan ta ja kujerarta baya.

"Zo ki gani da idonki. Hannu a baya."

Na sa ido. Jama'a, na ga irinsa ɗaruruwa, amma ban taɓa ganin mai kyansa ba. Ya kumbura ya zama ƙwallo, ruwa ya taru a cikinsa garau. Ƙwayoyi sirara sun yi masa bango zagaye, su ne za su zama mabiyiya. A gefe ɗaya daga ciki ga wani ɗan curi a dunƙule, shi ne mutumin. Ɓawon da ke lulluɓe da shi har ya yi siriri, alamar ya kusa fasawa ya fito neman inda zai kama.

"Ɗaya ne," in ji Madam. "Amma na kirki ne. Ƙarfe ɗaya za a mayar. Je ki share fuskarki kafin ki ɗiga min hawaye a ɗaki."

Na sami Yaya a ɗakin jira na ciki, an riga an ba ta rigar asibiti mai igiya a baya, ta ɗora mayafinta a kai, tana shan ruwan da aka ce ta sha. Ta ga fuskata ta ajiye gorar.

"Nawa?"

Na durƙusa gabanta na riƙe gwiwoyinta. "Ɗaya, Yaya. Tun ranar Alhamis biyu suka tsaya. Na sani ban faɗa miki ba. Ki yafe min."

Ta rufe ido. Leɓenta na motsi. Na jira ta zage ni.

"Shi ya sa ba ya cin abinci," ta ce a hankali. Sai ta buɗe ido. "Ɗayan fa?"

"Ya fi duk wanda na taɓa gani."

"Ba irin lafiya lau ɗin Malam ba?"

"Wallahi tallahi."

Ta jawo kaina ta rungume, muna kuka muna dariya, har nas ta leƙo da takarda a hannu.

"Ina maigidan? Sa hannunsa ya rage."

Dokar asibitinmu ce, ranar mayarwa sai miji da mata sun sa hannu a gaban likita. Ko daskarar da ɗan tayin za a yi a ajiye, sai da hannun su biyun.

"Ya sauke ni a ƙofa, ya ce zai gyara fakin," in ji Yaya.

"Tun yaushe?"

Ta kalli agogon bango. "Tun tara da rabi."

Na fita da gudu. Na zaga wurin ajiye motoci sau biyu, babu motarsa. Mai gadi ya ce ai ko shigowa bai yi ba, yana sauke ta ya juya. Na kira, a kashe. Na sake, a kashe. Sha biyu da minti goma. A wayata kiran Mama bakwai, da saƙo ɗaya da manyan baƙaƙe: "SUN ZO."

Madam ta same ni a corridor. "Likita zai jira zuwa biyu. Bayan nan ban san me zan ce miki ba. Wannan ɗan tayin ba zai zauna a faranti yana jiran kowa ba."

Mutum ɗaya ne ya san inda Malam ke ɓuya. Na tsaya jikin taga, yatsana a kan sunansa. In na kira, na fasa rantsuwar da na yi wa Yaya. In ban kira ba... Na danna. Ana ɗauka ban jira sallama ba.

"Don Allah kada ka tambaye ni komai, kuma kada ka nuna a fuskarka. Ka tashi yanzu ka nemo min Malam, ka duba shagonka. Yaya na asibitinmu, ɗan tayinsu ya kai kwana biyar, guda ɗaya ya rage musu, ba za a mayar mata ba sai ya sa hannu. Gani yake laifinsa ne sauran suka mutu, tunda matsalar tasa ce. Ka ce masa wannan lafiyayye ne, na gani da idona. Kana ji na?"

Can nesa ina jin ƙarar cokali a faranti, da fankar falonmu mai ƙiƙi-ƙiƙi.

"Ɗan tayin wa?"

Muryar Mama ce. Daga baya na ji wai ya miƙa mata wayar tana kallon hotunan sabon shagonsa, ta ga sunana ya fito ta ɗauka don ta yi min faɗa.

Na zauna a ƙasan corridor.

"Mama..."

"Matsalar wa kika ce?"

Ina jin numfashinta, sama-sama, kamar ta hau bene.

"Shekara tara," ta ce. Ba da ni take ba. "Shekara tara ina ɗura wa yarinyar nan..." Na ji yayar Mai Turare na tambayar lafiya, na ji an ture kujera.

Da ta sake magana, muryar ta koma irin wadda take kiranmu da ita muna yara in mun yi ɓarna.

"Ƙarfe nawa aka ba ku?"

"Biyu."

"Kai, tashi. Ɗauko makullinka. A'a, bar abincin. Ni zan shiga shagon da kaina." Sannan ta dawo kaina. "Ke kuma kada ki motsa daga inda kike. Ni da ku ne, ke da yayarki."

Ta kashe.

Na miƙe ina dafa bango, na tura ƙofar ɗakin jira. Yaya na zaune bakin gado, ta rungume gorar ruwan a ƙirji, ƙafafunta na lilo kamar na yarinya.

"An same shi?" ta ce. "Auta, wa kika kira?"